Taƙaitawa kan muhawarar nisan rana da duniya

Jama'a, ga abin da aka tattauna a taƙaice kan nisan rana daga duniya: ko nassin addini ya faɗe shi, da kuma abin da masu ilimin falaki suka auna.

1. Kusan kowa ya yarda babu ayar da ta faɗi nisan rana da lamba. Ayoyin Suratu Yasin sun yi maganar tafiyarta ne a falakinta.

2. Inda aka rabu shi ne hadisin tafiyar shekara 500 tsakanin sama da ƙasa. Wasu sun ɗauke shi ma'aunin nisan rana. Mafi yawa, har da malamai, sun ce sama aka ambata ba rana ba, kuma ba a fayyace saurin matafiyin ba, don haka babu kilomitar da za a ciro. A ganina wannan ya fi ƙarfi.

3. Masu ilimin falaki sun ba da kimanin kilomita miliyan 150. Haskenta kan ɗauki minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. An auna da wucewar tauraruwar Zahra ta gaban rana a 1761 da 1769, aka tabbatar da na'urar rada (radar, mai auna nisa da igiyar rediyo) a 1961.

4. Nisan yana canzawa: miliyan 147 a farkon Janairu, 152 a Yuli. Wato lokacin da hunturu ke kaɗawa a Sakkwato rana ta fi kusa. Zafin Afrilu daga karkatar duniya yake, digiri 23 da rabi.

5. Gwajin gida: huda kwali da allura, ajiye farar takarda mita ɗaya daga hujin. Hoton rana zai fito kusan milimita 9. In hujin ya yi faɗi awon ya ɓaci. Girmanta bisa nisanta kawai yake nunawa. Kada a kalli rana kai tsaye.