Tambaya: iyon da na koya a Gulbi zai ishe ni a kogin duwatsun Maroko?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Maroko nake karatu, na zo hutu gida Maradi. Abokan karatuna sun shirya idan Afrilu ta kama mu je kogin Ahansal da ke cikin duwatsun Atlas, mu shiga jirgin robar nan da ake hurawa, kowa da filafilinsa. Wasu ma kayak za su hau, ƙaramin kwale-kwalen mutum ɗaya, suna ta zuga ni in gwada. Ni a Gulbi na koyi iyo, da damina in ya kawo, nakan kuma shiga tafkin Madarunfa. Hajiya ba ta sani ba tukuna. Don Allah wanda ya san harkar ya gaya min gaskiya.

Baban Hadiza:
Wa alaikumus salam. Yaro, jirgin roba ka shiga, kayak kuwa ka bar shi sai ka koya. Na yi aiki a Yuganda, na shiga irin wannan a kogin Nilu kusa da Jinja, kafin madatsar Bujagali da aka gama a 2012 ta shanye wani sashe na wurin. Matakai 6 ake kasa ƙarfin ruwa. Na 3 sabon shiga zai iya in da jagora, na 5 irin na kogin Zambezi ne a ƙasan babbar magangarar ruwa ta Victoria Falls, na 6 ko gwanaye sauka suke su zagaya ta tudu. Ka fara tambayar matakin inda za ku bi, domin yana canzawa gwargwadon ruwan ranar.

Abin da ba ka saba da shi ba sanyi ne. Ruwan Ahansal a wannan lokaci ƙanƙarar duwatsu ce ke narkewa. Kana faɗawa numfashi zai sarƙe, ka buɗe baki ba da sonka ba, kafin wani lokaci yatsu sun ƙi riƙe igiya. In masu jirgin ba su ba ka rigar roba mai riƙe ɗumi da rigar hana nutsewa da hular kwano ba, kada ka taka jirgin. Rigar hana nutsewar kuma a ɗaure ta tam. Ka sa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama, in ta zo maka kunne ba ta ɗauru ba.

In ka faɗa, ka kwanta rigingine, ƙafafu gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, su ne za su tokari dutse. Kada ka miƙe tsaye ko da ruwan iya gwiwa ne. Ƙafa na shigewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne ka ta baya, ga ka kusa da gaɓa amma ɗaga kai ya gagara. Shi kayak kifewa yake da kai a ciki, kai ƙasa, sai ka iya juyo shi da ƙugu da filafili. A ruwa kwance ake koyon wannan.

Jikan Sarkin Ruwa:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: icen da ya faɗi cikin ruwa. Mu nan ma shi muke tsoro, ruwa ya wuce ta cikin rassa, mutum ya maƙale. Gulbi yashi ne a ƙasansa, ka buge ba komai, can kuwa dutse ne. Kuma ka faɗa musu iya iyonka tsakani da Allah, ban da cika baki.

Yaya Rabi:
Ni duk ba wannan ba. Ƙanena, ka je ka sami Hajiya ka gaya mata tun kana gida. In a hoto ta gani, ba ruwan Maroko ne zai cinye ka ba.

Ɗan Zariya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na aika musu su tambayo matakin ruwan da maganar rigar sanyi, na kuma ce a cire sunana daga masu kayak. Yaya Rabi, ke za ki raka ni wurin Hajiya bayan Isha'i, in ta sha furarta.