Boilar gumi tana hayaƙi: in koma kwal ko in gyara wadda nake da ita?

Mai injin hanyar Kware: Salamu alaikum jama'a. Ina da boilar gumin shinkafa, da itace da ɓuntu nake hura ta. Ɓuntun da nake samu ba ya isa, itace kuma ya yi tsada. Maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa sau biyu, wai baƙin hayaƙi na ɓata musu shanya. An yi mini tayin kwal daga Ankpa ta jihar Kogi. Kwal na ƙasa nake nufi, ba gawayi ba. In karɓa, ko in kashe kuɗin wajen gyaran fankar hura wuta da ragar ƙarfen da wuta ke ci a kanta? Bututuna dogo ne, na riga na ƙara shi bara.

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Alhaji ka ƙara tsawon bututu kawai, hayaƙi ya wuce sama, magana ta ƙare.

Ɗan kasuwar Kara: Gawayi ai ba ya hayaƙi, ga shi nan buhu-buhu. Mi za ya kai ka Kogi?

Mai injin hanyar Kware: Ku dai sake karanta abin da na rubuta.

Baba fayaman: Ɗana, na daɗe gaban wuta. Baƙin hayaƙi kuɗinka ne ke fita ta bututu bai ƙone ba. In aka jibga makamashi da yawa lokaci guda, iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin raga ba ta isa ta ƙone gas ɗin da ke tashi. Sai an buɗe wata iska ta saman wutar. A zuba kaɗan-kaɗan, a baza, a rufe ƙofa. In kuma iska ta yi yawa, ta sanyaya murhu, zafin ya bi bututu. Yaronka da ke cika murhu don ya samu ya kwanta, ko mi ka ba shi haka zai yi. Kwal ma ya fi itace saurin tona asiri, ga warin farar wuta da ke cinye ƙarfen bututu.

Wanda ya ƙone a Wamakko: Alhaji, don Allah ka ji nawa. Tirela guda na saya. Da anka sauke, sama kwal ne mai ƙyalli, ƙasa kuwa dutse da gari, kuma an jiƙa shi da ruwa kafin a hau sikeli. Na biya kuɗin ruwa da dutse tun daga Kogi. Garin ya toshe raga, tokar ta narke ta dunƙule kamar kashin maƙera, sai da ƙarfe muke fasa ta kowace safiya. Allurar awon tururi ta ƙi tashi, shanshera ta kwana a ruwa ta yi tsami, buhunan mutane ne ba nawa ba. Sannan babbar: na tara sauran a jikin katanga cikin watan Afrilu, kun san zafin Sakkwato. Ba wanda ya gaya mini irin wanga kwal yana ɗaukar zafi da kansa in an tsibe shi. Da asuba maigadi ya bugo, tsibin na hayaƙi daga ciki, ba wanda ya kyasta ashana. Rumfa ta tafi, da buhunan da ke ƙarƙashinta. Dillalin har yau wayarsa a kashe.

Ɗan Mabera: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri.

Wanda ya ƙone a Wamakko: Amin. Ban ma faɗi na bututu ba. Damina ɗaya ya yi, ya huje.

Direban Gusau: Nawa ka sayi tan? Ni wanda na ɗauko wa wani, tan bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba a bakin rami.

Wanda ya ƙone a Wamakko: Ni kusan buhu biyu na biya.

Direban Gusau: To an yanke ka, yallaɓai.

Mai lissafi: A bakin rami ka ce. Daga Ankpa zuwa Lakwaja, Abuja, Kaduna, Zariya, Funtuwa, Gusau, kafin nan, wa zai biya gas da na shinge? Kwal ɗin Maiganga ta Gombe ma an yi mana tayi, ya fi araha, amma danshi gare shi, sai ka ƙona da yawa.

Injiniya matashi: Baba ya faɗi rabi. Ba a gyara wuta da ido. A auna iskar oksijin da ke fita a bututu, a sa saikulon, wato mazurarin ƙarfe mai juya hayaƙi, ya kama toka. Kuma ku duba cikin bututun ruwa: ruwan burtsatsen wajen Kalambaina farar ƙasa gare shi, yana yin ɓawo a ciki, kunkunniya na kwanciya a waje, zafi ya kasa ratsawa. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, tana da ƙa'ida kan hayaƙin masana'antu, kada ku ɗauka maganar iyakarta mai unguwa.

Baba fayaman: Ɗana, da na fara riƙe shebur ba a yaye ka ba. Launin harshen wuta ya ishe ni awo.

Injiniya matashi: Allah ya ba da haƙuri Baba, amma ido ba ya ganin kabon monoksaid, iskar nan mai guba da ke tashi in wuta ba ta ci sosai ba.

Ɗan kasuwar Kara: Ku haɗa su aiki ɗaya, Baba ya hura, injiniya ya riƙe takarda. Alhaji kai kuma ka saya wa maƙwabta baƙaƙen kaya, shanya ta huta.

Mai injin hanyar Kware: To shi saikulon ɗin, maƙeranmu na iya ƙera shi, ko sai Kano?

Mai injin Bodinga: Duk wanga zancen fanka da saikulon, da wace wuta? Jiya muna tsakar gumi anka ɗauke, fanka ta tsaya, hayaƙi ya dawo ta ƙofar murhu, yara sunka watse suna tari. Kafin a tada janareto wutar ta kwanta.

Mai lissafi: Mu kwana uku ke nan ba mu gan ta ba, amma bil ya iso jiya, bai yi latti ba.

Ɗan Mabera: Ku kuna da mita? Mu kintace ake yi muna.

Mai injin Bodinga: Mita na nan. Wa ya taɓa gwada sola a kan fankar boila? Fanel nawa za ta ci?