Jan kan shukata ya bushe, wa ya taɓa ganin haka?

Uwargida, Aboabo: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da ƙanwata ta kawo mini Guzmania, shukar nan dangin abarba mai jan kai a tsakiya. Tana falo kusa da taga. Yanzu jan ya koma ruwan ƙasa, ganyen gindi sun fara yaushi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Hajiya mai ɗinki, Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne. Sau ɗaya tak take fure, daga nan sai ta riƙa mutuwa a hankali tana fitar da ƴaƴa a gindi. Ta farkon da na samu, da ta yi haka na kai ta bola, har yau abin yana ci na. Ta biyun kuwa busasshen kan kawai na datse da almakashi na ƙyale ta, ta ba ni ƴaƴa 3. Ki ɗaga ganyen ƙasa ki leƙa. In kin gan su kada ki yi gaggawa, sai ɗan ya kai sulusi ko rabin tsayin uwar, sannan ki sa wuƙa mai kaifi ki cire shi daga tushe.

Malamin makaranta, Tafo: Gaskiyar Hajiya. Nawa kuskuren wajen dashe ne. Na zuba baƙar ƙasar lambu, ina ba da ruwa safe da yamma, cikin sati uku gindin ya ruɓe yana wari. A dazukan Amurka ta Kudu a jikin bishiya take rayuwa, saiwar ta riƙo ce. Yanzu ɓawon kwakwa nake daddatsawa in haɗa da gawayi a ƙaramar tukunya mai huji, ruwan kuma a ƙoƙon tsakiyar ganyen nake zubawa, ruwan sama in na tara.

Maman biyu, Sawaba: Malam, ƙoƙon nan fa a kula. Da damina na manta da nawa, ranar da na haska tocila sai ga ƴaƴan sauro suna wutsil-wutsil, ga yara a ɗaki. Tun daga ranar duk Juma'a nake kifar da ruwan in zuba sabo.

Hajiya mai ɗinki: Da hunturu kuma bakin ganyen kan ƙone, sai ki riƙa yayyafa musu ruwa ki goge ƙura. Nawa ƴaƴan sai da suka kusa shekara 2 kafin ɗaya ya yi ja.

Uwargida: Hajiya, na leƙa yanzu! Guda biyu, babban bai wuce ɗan yatsana ba. Allah ya saka da alheri. Malam, ɓawon kwakwar sai an jiƙa tukuna?