Neman abokin ƙuruciya bayan furfura ta fito

A majalisar dattawa bayan la'asar, wani malamin makaranta mai ritaya ya ce yini na yi masa tsawo, 'ya'ya sun watse, kuma yana yawan tuna abokinsa na makarantar allo da rabonsu tun suna samari. Ga shawarwarin da aka ba shi.

Yawanci sun ce ya fara da tsohuwar unguwa. Mai unguwa, liman ko wanzamin gidan ba sa rasa sanin inda zuriya ta koma. Wanda ya yi boko kuma ya nemi ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, irin ta Kwalejin Barewa da ke Zariya, ko ya sa jika ya laluba masa a Facebook.

Inda aka daɗe shi ne ranar haɗuwa. Kada a yi dirar mikiya, a aika saƙo tukuna, don wataƙila yana jinya ko jinsa ya ragu. Kada a buɗe hira da lissafin waɗanda suka rasu, balle tambayar fansho. A fara da laƙabin yarinta, da bulalar malam, da mangwaron da aka sata. Wani ya ce tsaraba ta zama turare maimakon alewa saboda ciwon suga, ni ma na ga dacewar haka.

An yi saɓani kan tsohon rikici. Wasu sun ce a yafe a yi shiru, wani dattijo kuwa ya dage a ambata sau ɗaya, a nemi gafarar juna.