Layun rigar Sarkin Asante: wa suka kare?

Ɗan Asawase: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa wani dattijo ya ce layun da ke jikin batakarin Sarkin Asante, wato rigarsa ta yaƙi, su suka tsare Kumasi, wai kakanninmu suka rubuta su. Ni fa ban yarda ba. A 1826 an ci Asante da yaƙi a Katamanso kusa da Dodowa, aka kwashe rubuce-rubucen Larabci da suka tafi da su fagen fama, yau suna ajiye a Kopenhagen. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone garin nan. Ina kariyar take?

Malam na Aboabo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gwama abu biyu. Kariya ita ce abin da ka gitta tsakaninka da cuta, irin su katanga da gidan sauro. Tsari kuwa roƙonsa ake yi wurin Allah, shi ya sa muke cewa neman tsari idan za a karanta Falaƙi da Nasi. Malamin da ya rubuta aya bai gina wa kowa ganuwa ba. Ya roƙa, amsawa ta Ubangiji ce.

Hajiyar Alabar: Allah gafarta Malam, wannan rabon naka a kan buzu yake tsayawa, ba ya isowa kasuwar Kejetia. Mu Allah ya kare, Allah ya tsare, Allah ya kiyaye, duk abu guda muke nufi. 'Yan sanda ma ai tsare mutum suke yi. Ga garkuwa: a wurin awon jarirai a ce garkuwar jiki, ka kunna rediyon Najeriya ka ji garkuwa da mutane. Mayaƙin da ya biya zinariya aka ɗinka masa laya a fata, so yake harsashi ya ƙi shigarsa. In an gaya masa roƙo ne kawai, da ya biya?

Ɗan Asawase: Yauwa Hajiya! Bowdich, Baturen Ingila da ya zo Kumasi a 1817, ya rubuta cewa takarda guda tana ciyar da ƙaramin malami wata ɗaya. Wannan ai ciniki ne.

Kawu na Tafo: Ɗan nan, fara gyara kalmar kakanninmu. Musulmin Kumasi na zamanin Sarki Osei Bonsu yawancinsu Gwanjawa ne da Dagomba da Wangarawa, babbansu Muhammad al-Ghamba ma ɗan Gambaga ne. Namu fataken goro galibi a Salaga suke tsayawa, sai bayan 1896 suka cika Zango. Sannan tambayarka ta karkace. Layar ta yi kariya, amma mai rubutun ta kare. Baƙo ne, ba shi da gona, ba dangin uwa a garin da komai ta ɗakin uwa ake gadonsa. Me zai ba shi wurin zama a fada in ba alƙalami ba? Su ke rubuta wa sarki wasiƙu zuwa arewa, su ke masa addu'a in za a fita yaƙi. Kuma abin yana da iyaka, don Sarki Osei Kwame da ya karkata ga Musulunci da yawa, hakan na cikin dalilan da aka tuɓe shi.

Malam na Aboabo: Alhaji, tarihinka daidai ne, amma kada yara su ji su ce ayar Allah katin zama ce. Malamai sun yi saɓani kan rataya Alƙur'ani tun zamanin sahabbai, Ibn Mas'ud ya hana, wasu suka sauƙaƙa. Guru da kambun da ake cusa ƙashi da gashi a ciki kuwa, babu mai kare su.

Hajiyar Alabar: Katin zama da Malam ya ambata ya tuna min 1969. Gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. Mahaifiyata ta ce maƙwabtanmu tukwane da gadon ƙarfe suka sayar a wulaƙance, suka hau babbar mota, yaransu kowa da laya a wuya. Takarda aka tambaya a ranar, ba su da ita.

Ɗan Asawase: To Malam, abin da ya sa na tayar da zancen: ɗan yayata zai tafi ramin galamse, haƙar zinariya ta bayan fage, wajen Obuwasi, ya dame ni in samo masa laya. Me zan ce masa?

Malam na Aboabo: Kawo min shi bayan Isha'i. Zan koya masa azkar na safe da yamma, ba zan karɓi ko sidi ɗaya ba, kuma zan gaya masa a gabanka cewa ba ni da rubutun da ke hana rami ruftawa. Kawu, wurin walda na yaronka a Suame har yanzu yana ɗaukar almajirai?