Shawarwari kan tafiyar ayari zuwa ƙaramin tsibiri mai nisa

Da aka tattauna batun tafiyar ayari zuwa ƙaramin tsibiri a yankin zafi, abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne ruwan sha. Waɗanda suka taɓa zuwa sun bayyana cewa irin waɗannan tsibirai sukan dogara ne da ruwan sama da ake tarawa a tanki, domin rijiyar bakin teku takan yi zartsi, saboda haka ya kamata a tambayi mai masauki tun kafin a tashi ko tankinsa zai ishi yawan mutanen, kuma kowa ya shirya yin wanka da bokiti guda. A ganina wannan shawara ta fi sauran nauyi.

Sai batun jirgin ruwa. Igiyar ruwa tana iya hana kwalekwale tashi, don haka kada a sa ranar barin tsibirin daf da ranar jirgin sama, a bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani. An kuma jaddada cewa kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa kafin matuƙi ya tayar da inji.

Game da kuɗi, an ce a riƙe tsaba, a kuma naɗa ma'aji guda mai rubuta duk abin da aka kashe. Tun da asibiti yana da nisa, mai shan magani kullum ya ɗauki abin da ya wuce kwanakin tafiyar, a haɗa da gidan sauro da takalmin shiga ruwa, domin murjani, wato abu mai tauri kamar dutse da ke tsirowa a cikin teku, yana yanka tafin ƙafa.