ds.assign ya ƙi ƙirƙirar bmi a sabar ta uku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ke nan ina fama da DataSHIELD, wata manhajar nazarin bayanai da ke aiki a cikin R, yaren kwamfuta na ƙididdiga. Bayanan asibitoci uku muke nazari, kowanne a kan sabar Opal tasa (kwamfutar da ke ajiye bayanan asibitin), jimilla kawai ke dawo mana, ba ma ganin bayanan kowane majiyyaci.

Don in lissafa bmi, wato ma'aunin nauyin jiki gwargwadon tsawo, na rubuta ds.assign(toAssign="D$nauyi/(D$tsawo*D$tsawo)", newobj="bmi"). A sabar biyu lafiya lau, ds.ls(), mai jero abubuwan da ke kan sabar, ya nuna bmi zaune. Ta ukun kuwa ko alamarsa babu. Sunayen ginshiƙai iri ɗaya ne, na duba. Sai dai ds.class, mai faɗin nau'in ginshiƙi, ya ce tsawo a can "character" ne, wato rubutu ba lamba ba, ina zargin an rubuta 1,65 da waƙafi.

Shin ds.asNumeric, mai mayar da rubutu lamba, zai gyara, ko NA (alamar babu bayani) zai cika min? Ko dole sai mai kula da sabar ya gyara teburin da kansa? Ranar Litinin ake jiran sakamako, don Allah a taimaka.